Darasi na 24: Bin sawun shak a cikin teku

Tabkin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa a cikinsa, ƴan kasuwa su kai Jiratawa da Maraɗi da Tibiri. Doka ta hana su da taru mai ƙananan idanu, don kada a kwashe ƴaƴan kifi. In an kiyaye wannan doka, tabki ba ya rasa kifi, domin karfasa tana da saurin yaɗuwa. Tun ba ta shekara ba take fara ƙwai. Takan zuba ɗaruruwa, kuma sau da yawa cikin shekara.

A cikin teku akwai wani kifi wanda ba haka yake ba. Sunansa shak. Da Faransanci ana ce masa requin. Shi in an kwashe shi, ba ya komowa da wuri.

Kamannin shak

Shak iri-iri ne, sun fi iri 500. Ƙaraminsu bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba. Babbansu yakan wuce mita 12, amma ƙananan halittun ruwa kawai yake ci. Shak ba shi da ƙashi, guringuntsi gare shi irin na kunnen mutum. Haƙoransa jeri-jeri ne. In ɗaya ya fita, na bayansa ya matso ya maye gurbinsa.

Daga Maraɗi zuwa bakin teku ya fi kilomita 800. Duk da haka an taɓa yin shak a ƙasar Nijar. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya rufe yammacin ƙasar har zuwa wajen Sakkwato. Ruwan ya janye, haƙoran kifayen suka saura cikin duwatsu. A 1972 wani masani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya bayyana haƙoran shak da na danginsa waɗanda aka tsinto a dutsen Igdaman, cikin jihar Tawa.

Shak yana da amfani a cikin teku. Manyan shak suna farautar sauran kifaye, sun fi samun raunana da marasa lafiya. Ta haka wani iri ba ya yin yawa har ya cinye abincin sauran. Mutane suna tsoronsa ƙwarai, amma waɗanda yake kashewa a duniya duka ba su cika wuce goma a shekara ba.

Abin da ya sa yake ƙarewa

Shak yana da jinkirin haihuwa kamar raƙumi. Yawancinsu ba ƙwai suke zubawa ba, ƴaƴa suke haifa, kuma kaɗan. Macen farin shak takan yi fiye da shekara 10 kafin ta yi haihuwar fari. Akwai wani ƙaramin shak mai ƙaya wanda cikinsa yakan kai kusan shekara 2. Saboda haka in an kama uwa guda, an yi asarar aikin shekaru masu yawa.

Ana kama shak ta hanya biyu. Manyan jiragen su suna shimfiɗa mamari mai tsawon kilomita da yawa don wasu kifaye, sai shak ya haɗiye ƙugiya. Wasu masunta kuma shi suke nema musamman, saboda fikafikansa. Ana busar da fikafikan, a kai su Hong Kong da sauran biranen Asiya, inda ake yin wata miya mai tsada da su. Wani lokaci fikafikan kawai ake yankewa, a jefar da kifin cikin ruwa ya mutu.

Wannan ciniki ya iso bakin tekun Afirka ta Yamma. Masuntan Senegal da na Gana sun bi shak daga wannan gaɓa zuwa waccan. Fikafikai su tafi Asiya, naman kuwa a sa masa gishiri a shanya, a kai Gana.

A 2013 masana sun kimanta cewa ana kashe shak wajen miliyan 100 kowace shekara. A 2021 wani bincike ya nuna cewa shak da danginsa masu zama a tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970.

Yadda ake bin sawunsa

Makiyayi yana ƙirga shanunsa da yamma, in wata ta ɓace ya bi sawunta. Kifi ba ya barin sawu a ruwa. Don haka masana suka nemo dabaru uku.

Ta farko ita ce lamba. Ana kama shak, a auna shi, a maƙala masa ƴar roba mai lamba, a sake shi. Duk masuncin da ya sake kama shi sai ya aika da lambar, ya faɗi wuri da rana. An fara wannan aiki a gabashin Amurka a 1962. Ta haka aka gane cewa shuɗin shak yakan ƙetare tekun Atlantika har zuwa Turai da Afirka.

Ta biyu ita ce na'ura. Ana kafa wa shak wata ƴar na'ura a baya. Tana auna zurfin ruwa da sanyinsa da hasken rana, tana ajiyewa. In ranar da aka tsara mata ta yi, sai ta ɓalle, ta taso saman ruwa, ta aika da labarin ga tauraron ɗan Adam. Masani yana zaune a ɗakinsa, ya ga hanyar da kifin ya bi a kan taswira. Makamanciyar wannan dabara ta zo jihar Maraɗi. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure aka kai su gandun dajin Gadabeji, daga baya aka maƙala wa wasunsu na'ura don a san inda suke kiwo.

Ta uku ita ce hoto. Fiffiken bayan kowane farin shak yana da tsaga da tabo irin nasa, kamar yadda zanen yatsan kowane mutum ya bambanta. In an ɗauki hotonsa yau, ana iya shaida shi baɗi.

Tafiyar Nikol

A watan Nuwamba na 2003, masana suka kafa wa wata macen farin shak na'ura a bakin tekun Afirka ta Kudu. Suka sa mata suna Nikol. Bayan tafiyar kwana 99 na'urar ta taso. Da aka duba, sai ga ta a yammacin Ostireliya. Nikol ta yi tafiyar kilomita 11,000. A watan Agusta na 2004 aka sake ganinta a Afirka ta Kudu, aka shaida ta da hoton fiffikenta. Ta je ta komo cikin ƙasa da wata 9.

Wannan labari ya koya wa hukumomi darasi. Afirka ta Kudu ta hana kisan farin shak tun 1991. Ostireliya ma ta hana. Amma tsakaninsu akwai babban teku wanda ba na kowace ƙasa ba ne, kuma cike yake da ƙugiyoyi. Ashe dokar ƙasa guda ba ta isa ta tsare kifin da bai san iyaka ba.

Matakan tsaro

Akwai wata yarjejeniya da ake kira CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke shirin ƙarewa. Nijar tana cikinta, tana da ƙuri'a kamar ƙasashen bakin teku. An sa farin shak cikin jerin yarjejeniyar a 2004. A 2022, a taron Panama, aka ƙara fiye da iri 50, har da yawancin waɗanda ake cinikin fikafikansu. Kifin da ke cikin jerin ba a fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini.

Wani mataki shi ne tsare wurin haihuwa. A Muritaniya akwai gandun ruwa na Banc d'Arguin, wanda aka kafa a 1976. Ruwansa ba zurfi, shak da danginsa suna haihuwa a can. Masuntan Imragen ne kaɗai ke da izinin su a wurin, da jiragen iska marasa inji. A 2003 suka yarda da hukumar gandun a daina farautar shak a cikinsa.

Doka a takarda ba ta tsare kifi ita kaɗai. Sai an sami masu gadi a teku, da masu duba kaya a tashar jiragen ruwa, da wata sana'ar da masunci zai ci abinci da ita. Sai kuma an ci gaba da ƙidaya, domin da ita ake sanin ko shak yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Ma'anar kalmomi

Guringuntsi: abu mai tauri amma mai lanƙwasuwa, kamar na kunne da na hanci.
Mamari: doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa.
Taswira: zanen ƙasa da ruwa a kan takarda.
Yarjejeniya: maganar da ƙasashe suka yarda da ita, suka sa hannu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin haihuwar karfasa da ta shak?
2. A ina aka sami haƙoran shak a ƙasar Nijar? Yaya aka yi suka zo wurin?
3. Ku faɗi dabaru uku na bin sawun shak.
4. Don me dokar ƙasa guda ba ta isa ta tsare Nikol ba?

Lissafi

Nikol ta yi kilomita 11,000 cikin kwana 99. Kilomita nawa take yi a kwana guda? Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne. Kwana nawa za ta yi kafin ta cika wannan nisa?

Aiki

Ku tambayi wani masunci ko mai sayar da kifi irin kifayen da ake samu da, waɗanda yanzu suka yi wuya. Ku rubuta sunayensu, ku kawo aji.