Wasan Kacici-kacici A Aji

'Yan'uwana malamai, da ku da ke shirin zama malamai, ga wani wasa da na ke yi da yaran ajina a wata makaranta da ke GRA a Gombe. Mukan yi shi ran Alhamis, a darasin ƙarshe, sa'ad da rana ta yi zafi, hankalin yara ya koma gida. Ba ya bukatar kome sai allo da alli da taswira.

Asalinsa kacici-kacicin nan ne da ko wane ɗan Bahaushe ya sani tun yana goye. Kun san ka'idarsa: in an yi maka tambaya ka kāsa, sai ka ce, "Na ba ka gari." Mai tambaya ya karɓi garin, sa'an nan ya faɗi amsa. Wannan ka'ida ita ce gishirin wasan, gama wanda ya kāsa ba ya jin kunya, ya biya da gari, an yi dariya, an wuce. Abin da na ƙara kawai shi ne, wanda zai ba da gari tilas ya tashi ya nuna shi a taswira. In ya ce ya ba da Katsina, to, ya ɗora yatsa a kan Katsina. Da haka yaron da bai san amsa ba ya kan koma wurin zamansa da wani sani.

Ana raba aji ƙungiya biyu ko uku, a gauraya masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari. Kada a bar yara su zaɓi junansu, don kullum akwai wanda za a bari a baya, shi kuwa ba zai manta ba. Tambaya tana zuwa ga ƙungiya, su yi shawara, sa'an nan ɗaya ya amsa, kuma ba mai amsawa sau biyu sai kowa ya sami nasa. Bulala ba ta da wuri a nan ko kaɗan.

Amma babban aikin yana ga tambayoyin. Yawancin waɗanda na ke gani a littattafai irin na hadda ne: wane kogi ya fi tsawo a Afirka, wa ya fara zuwa duniyar wata. Yaro ya ce Nilu, ya ce Neil Armstrong a 1969, a tafa masa, shi ke nan. Ban ƙi su ba. Sai dai na fi son tambayar da ta tashi daga ƙofar gidan yaro, ta kuma haifi wata tambayar.

Ga misali. Nakan ce, "Me ya sa Turawan mulki suka riƙa gina unguwanninsu nesa da cikin gari?" Yaran nan suna kwana a GRA suna tashi, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tunanin wannan. Wani ya ce girman kai ne, kuma ba na cewa ya yi ƙarya ɗungum. Amma dalilin da suka rubuta a dokokinsu shi ne tsoron sauro. A 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzabi. Saboda haka a zamanin Gwamna Lugga aka sa doka a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Daga nan sai in ce, "To, sauro ya san iyakar yadi 440?" Aji ya kwashe da dariya. Sa'an nan mu shiga batun cewa macen sauro ce ke cizo, kuma a ruwa mai kwanciya ta ke ƙwai, ko da na cikin tsohon gwangwani ne a bayan ɗaki. Kun ga tambaya guda ta ratsa tarihi da labarin ƙasa da kimiyya.

Wata kuma ita ce, "Ina Modibbo Buba Yero ya kafa fadarsa?" Nan da nan hannaye su tashi, kowa na cewa nan Gombe. Wannan ta kan ci garuruwa da yawa! Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Gombe Abba ya zauna, can wajen Dukku, kusa da kogin Gongola. Turawa ne suka mai da hedkwata Nafada a 1913, kāna aka dawo da ita Doma a 1919, watau garin da mu ke ciki yanzu. Yaro in ya ji garinsu ya taɓa yin ƙaura har sau biyu, shi da kansa zai tambayi dalili. Haka kuma Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙi da Turawa a 1903: yara da yawa sun za ci wajen Sakkwato ta ke, alhali tana cikin jihar nan tamu, wadda aka cire daga Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996.

Ta labarin ƙasa da na fi so ita ce bin ruwa. Ƙungiya ta farko ta faɗi madatsar da ke ba Gombe ruwan famfo, watau Dadin Kowa. Ta biyu ta faɗi kogin da aka datse, Gongola. Daga nan a bi shi har Numan inda ya shiga Binuwai, a bi Binuwai har Lakwaja inda ta haɗu da Kwara, har a kai teku. Inda aka tsaya, nan za a ba da gari. Ta kimiyya kuwa ba ta ƙarewa: da wane dutse a ke yin siminti a Ashaka, daga ina ƙurar hunturu ta ke tasowa, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Wannan ta ƙarshe ko manya ta kan kā da su. Randa tana tsattsafo, iska ta busar da danshin, zafin ruwan ya tafi tare da shi.

Abu ɗaya na ke roƙon ko wane malami: kada ka yi tambayar da ba ka tabbatar da amsarta ba. Abin da yaro ya koya cikin wasa ya kan zauna masa daram, in kuskure ne zai kai shi har ɗakin jarrabawa. In yaro ya yi gardama, ka ba shi zuwa mako mai zuwa ya kawo hujja, daga littafi ko daga bakin kakansa, in ya kawo a mayar wa ƙungiyarsa da garinta.

Bayan mako uku ko huɗu, sai ka sakar wa yara su riƙa kawo tambayoyinsu, ko wace ƙungiya uku: ɗaya ta tarihi, ɗaya ta labarin ƙasa, ɗaya ta kimiyya. Su ba ka a rubuce tun ran Laraba don ka duba amsoshin da dare. Minti talatin sun isa, kuma ka tsai da wasan tun suna son ƙari.