Maganin Ciwon Daji Cikin Ƙunshi

Maigida, ka karanta wannan takarda, sa'an nan ka tara iyalinka ka karanta musu.

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, ba jifa ba ne, ba kuwa aikin iska ba. An gina jikin mutum da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Wani lokaci sai waɗansunsu su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su taru su zama kullutu. In an ƙyale su, sai su bi jini su tafi hanta, ko huhu, ko ƙashi.

Akwai magunguna masu kashe su, yawanci ta jijiya a ke ɗura wa mutum. Amma ga wahalar. Maganin ba ya da ido. Duk ƙwayar da ya tarar tana saurin hayayyafa sai ya kashe, ga shi kuwa saiwar gashi, da fatar cikin baki, da hanji, da ɓargo, duk haka su ke. Shi ya sa majinyaci ya kan yi amai, bakinsa ya yi miki, gashinsa ya zube. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ce magani bai karɓe shi ba, su ɗauke shi su koma gida. Kada ka yi haka. Gashi ya kan sake tsirowa, amma ciwon da aka bari rabi da rabi ya kan dawo da ƙarfi.

Don rage wannan wahala masana suka nemi dabarar ƙunshe magani, kamar yadda a ke ƙunshe goro a ganye don ya isa hannun wanda aka aika wa. A 1986 waɗansu masana biyu a ƙasar Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa hanyoyin jinin da ke cikin kullutun daji huje su ke, suna yoyo kamar tsohuwar tulu, alhali kuwa na lafiyayyen nama a toshe su ke sarai. To, in aka sa magani cikin ƙunshin da ya fi ƙarfin ƙofofin lafiyayyen nama, sai ya yi ta yawo cikin jini har ya zo wurin da ke yoyo, ya faɗa ciki, ya kwance a hankali. Ƙunshin nan ƙarami ne ƙwarai. Sai ka jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi guda. A kan yi waɗansu da maiƙo, waɗansu da wani irin roba mai narkewa a jiki, dangin zaren da likita ke ɗinki da shi wanda ba a warewa.

A 1995 aka yarda da irin wannan magani a Amurka, sunansa Doxil. Abin da ke cikinsa wani jan magani ne da aka daɗe da sani, mai raunana zuciya in ya yi yawa; da aka ƙunshe shi sai cutar da zuciya ta ragu. A 2007 Koriya ta Kudu ta yarda da wani mai ƙunshin roba, Genexol-PM, don dajin nono da na huhu.

Sai dai kada a ruɗe ka. A 2016 aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, aka ga abin da ke isa kullutu bai cika kashi 1 cikin 100 ba. Ga kuma tsada. Saboda haka in wani ya zo kasuwar Rano ko ta Kibiya da lasifika, yana tallar kwalba wai tana bin daji har maɓoyarsa, riƙe kuɗinka. Irin wannan magani a asibiti kaɗai a ke ba da shi, bayan an auna jini.

Kowane iri ne kuwa, ya fi aiki tun kullutu na ƙarami. Ka lura da kullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya zafi; da jini ga macen da ta daina al'ada; da gyambon da ya ƙi warkewa; da kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro. Kada wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya. Ka kai mai shi Babban Asibitin Rano a makon nan, kada ka jira sai an gama girbi. In likita ya ga da dalili, zai ba ku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, inda za a ɗebi ɗan nama a duba da madubin likita. Ku tafi da takardar, da wanda zai zauna jinya.