Funfuna: Amfaninta da Ɓarnarta

Jama'a, funfunar da ke kama tuwon da ya kwana, da naman ƙasan da ke fitowa a gindin suri idan damina ta kankama a Kafanchan, dangi ɗaya ne. Ba tsirrai ba ne, domin ba su da koren ganyen haɗa abinci daga hasken rana. Siraran zaruruwansu ke cin mataccen itace da ganye, su mai da su taki. Ba domin su ba, da kurmin Kagoro ya cushe da busassun itatuwa.

Amma akwai miyagu cikinsu. A shekarar 2023 wata funfuna ta ruɓar da cittar manoman Kachia, Jaba da Kagarko. Saboda haka a zaɓi lafiyayyen iri, a riƙa sauya gona, kada a bar ruwa ya kwanta tsakanin kunyoyi.