Amsoshin Tambayoyinku: Wace irin jarumta ce ta Moreta?

TAMBAYA: Na karanta wani ƙagaggen labari na Turanci mai suna Moreta: Dragonlady of Pern, ƙarshensa kuma ya tsaya mini a rai. Labarin dodanni ne masu fukafukai da aman wuta, amma babu wanda aka gwabza da shi; annoba ce ta ɓarke, aka yi ta rabon magani, sannan jarumar ta mutu. Shin wannan ma jarumta ce? Me ya hana marubuciyar ta bar ta da rai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Bari mu fara da bayanin littafin saboda waɗanda ba su karanta shi ba.

Anne McCaffrey ce ta rubuta shi, ya fito a 1983. An haife ta a Amurka a 1926, ta koma ƙasar Ailan da zama a 1970, a can ta rasu a 2011. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar Hugo a fannin ƙagaggen labari, a 1968. Labaranta suna faruwa ne a wata duniya mai suna Pern, inda wani abu mai kama da zare yake zubowa daga sama lokaci zuwa lokaci yana cinye duk wani abu mai rai. Dodannin Pern abokan mutane ne. Tun ranar ƙyanƙyasa kowane dodo yake zaɓar mahayinsa, zukatansu su haɗu har abada, aikinsu kuma su ƙone zaren nan tun kafin ya taɓa ƙasa. Suna iya ɓacewa daga wuri su ɓulla a wani wuri ta cikin wani duhu mai tsananin sanyi, da sharaɗin mahayi ya riƙe hoton inda za su a zuciyarsa sarai. Wanda ya shiga duhun ba da hoto ba, ba ya fitowa.

To sai marubuciyar ta kawo abokin gabar da wuta ba ta ƙonawa. Masu jirgin ruwa suka zo da wata dabba dangin kyanwa daga nahiyar kudu, aka yi ta kallonta a wani taron biki a Ista, mahalarta suka watse da mura mai kisa zuwa garuruwansu. Ta kama mutane, ta kama dawaki. Dodanni ba sa kamuwa, amma duk wanda mahayinsa ya mutu sai ya faɗa duhun nan ya hallaka kansa. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda da macijin Kusugu mun saba da jarumin da yake sare kan abin tsoro a dare ɗaya, gari ya waye an huta. A nan babu kan da za a sare. Abin da ya rage wa masu ƙarfi shi ne su zama 'yan aike.

Babban likitan ƙasar, Capiam, ya kamu ya warke, ya tono a tsofaffin takardu cewa ana iya ɗibar jinin wanda ya warke, a juya shi da sauri har ruwansa ya rabu, a yi wa masu lafiya allura da shi. Wannan dabara tana da tushe a ilimin likitanci, an kuma gwada irinta a annobar mura ta 1918. Sai dai kariyar aro ce, ba ta daɗewa. Shi ya sa ya zama dole a yi wa kowa allura kusan lokaci guda, mutum da dabba, kafin cutar ta sake zagayowa. Yini ɗaya ba ya isa, saboda haka mahayan suka yi amfani da wani sirri da kaɗan daga cikinsu suka sani: dodo yana iya komawa baya cikin lokaci. Sai mutum ya yi aikin yini da yawa a cikin yini guda, jikinsa kuwa yana biyan kuɗin kowace sa'a.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Ki lura da abin da ya kai Moreta filayen Keroon a ranar ƙarshe. Ba ta daɗe da tashi daga jinya ba. Dodonta, sarauniya Orlith, tana kwance a kan ƙwai, ba ta iya tafiya. Shugaban mahayan Telgar, M'tani, ya ƙi ba da mutanensa, rabonsa na aiki ya faɗo kan wasu. Moreta ta san yankin tun ƙuruciya, sai ta ari Holth, tsohuwar sarauniyar dattijuwa Leri, ta yi ta tsalle daga ƙauye zuwa ƙauye har ta miƙa maganin ƙarshe. Da suka juya za su gida, gajiya ta ci ƙarfinsu su biyun, suka shiga duhu ba da cikakken hoto ba.

A ganina nan ne littafin ya fi takwarorinsa gaskiya. Mutuwar Moreta ba ta ceci kowa ba. An riga an gama ceton kafin ta mutu. Ba ta fita da niyyar ba da ranta ba, ta fita ne da niyyar ta gama aiki ta dawo ta ga ƙyanƙyasar ƙwan Orlith. Jarumtarta tana cikin zirga-zirgar yinin nan, mutuwarta kuwa bashi ne da wani ya ci ita ta biya. Da kowa ya ɗauki nasa kaya, da ba a kai ga ɗora wa mai fama da raunin jinya da tsohon dodo ba. Marubuciyar ta nuna cewa sau da yawa inda aka ga sadaukar da rai a lokacin annoba, in an bincika za a tarar da wanda ya zame daga aikinsa.

Akwai kuma dalili na tsarin labari. Tun a littattafan da suka riga wannan fitowa, mutanen Pern na ƙarnonin baya suna rera waƙar hawan Moreta, kowa ya san ba ta dawo ba. Saboda haka hannun McCaffrey a ɗaure yake. Abin da ta yi shi ne ta nuna bambancin waƙa da abin da ya auku: waƙa ta ɗora Moreta a kan Orlith, ta ɓoye sirrin komawa baya cikin lokaci, ta bar gajiya da gardamar shugabanni a waje. Mawaƙi yana son mutum ɗaya da zai wasa, alhali rigakafin ya ratsa hannun likitoci da masu ɗibar jini da mahaya da yawa.

In kina son ganin ɗaya fuskar, ki nemi Nerilka's Story na 1986. Annobar dai ita ce, amma ta bakin Nerilka, 'yar sarkin Fort Tolocamp, wanda ya tsallake dokar killacewa ya gudo gida, ya kuma kulle rumbun magunguna mutane suna mutuwa a ƙofarsa. 'Yar tasa ta kwashi magani, ta sauya suna, ta shiga jinyar marasa lafiya a ƙasa. Ita ba ta da dodo, kuma ta rayu. Ki haɗa littattafan biyu, za ki ga marubuciyar ba ta ɗauki mutuwa a matsayin sharaɗin jarumta ba. Allah ya ƙara basira.