Kafin Ka Ɗaga Gaban Motarka: Jan Hankali Kan Sifesan Bol-join

'Yan uwa direbobi da masu motoci, musamman na yankinmu na Moriki, Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Ni bakanike ne, gyaran ƙafar mota shi ne sana'ata, kuma na haura shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin wannan yanki. Da zarar damina ta kankama, kwazazzabai suka buɗe, ruwan Gagare da na Bunsuru suka cika, hanyoyin ƙauyuka suka koma laka, to magana ɗaya nake ji a bakin masu Hilux: "Maigida, a ɗaga mini ita." Abin da aka fi nema don wannan aiki shi ne wani guntun ƙarfe da ake kira sifesa, wanda ake ɗaurawa a kan bol-join. A kansa nake son mu yi magana, domin na ga abin da ya tayar mini da hankali.

Daminar bara, wata ranar Alhamis bayan la'asar, aka kira ni a waya. Wata tsohuwar Hilux ta taso daga kasuwar Shinkafi da buhuna da mutane a baya, ta lalace kafin ta iso Moriki. Da na isa, sai na tarar tayar gaba ta hagu ta karkace ta shige ƙarƙashin mota, gaban ya durƙusa kamar raƙumi. Na haska fitila na duba. Sifesan da aka sa mata faranti biyu ne na ƙarfe da mai walda ya yanka ya haɗa, hudojin ma da wuta aka ɓula su, kowace da nata faɗi. Kusoshi uku sun tsinke, ta huɗu ta lanƙwashe. Na goge kan ɗaya da tsumma, na ga lamba 4.8, irin kusar da ake ɗaure ƙofa da gadon ƙarfe. Na ce wa direban, "Malam, wa ya yi maka wannan aiki?" Ya ce, "Wallahi na ga ya fi sauƙi ne." Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya saboda rami, ba wanda ya ji ciwo. Amma rana tana faɗuwa, akwai mata da yara a motar, kuma duk ɗan yankin nan ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a wannan hanya da magariba.

Bari in bayyana inda wannan ƙarfe yake zama. A irin wannan mota, kowace tayar gaba hannaye biyu ne ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, kuma bol-join shi ne gaɓar da ke haɗa hannu da taya, kamar yadda kafaɗa ta haɗa hannun mutum da jikinsa. Hilux mai gudu da taya huɗu wadda aka ƙera kafin 2005, mai irin wannan ƙafa, ba ta da sifirin mai naɗi a gaba. Wata doguwar sandar ƙarfe ce da muke kira toshin-ba take ɗauke da nauyin, kuma a jikin hannun sama aka maƙala ta. Kusoshi huɗu ne ke ɗaure bol-join da wannan hannu, sifesa kuma tsakaninsu yake shiga. Ke nan nauyin inji da na gaban mota duk ta cikinsa yake bi kafin ya kai taya. Wurin da ran mota yake ke nan, a nan kuma wasu ke sa abin da aka ƙera a bakin titi.

A irin wannan Hilux, sifesa yana ɗaga gaba daidai gwargwadon kaurinsa. A yawancin Nissan da Mitsubishi masu toshin-ba kuwa, sandar a hannun ƙasa take, don haka sifesa shi kaɗai ba ya ƙara tsayi. Amfaninsa shi ne maido wa taya sararin sauka bayan an murɗa sandar don ɗaga gaba. Hilux ta 2005 zuwa yau tsarinta daban ne, sifirin mai naɗi gare ta, kayan tsohuwa ba sa shiga. Land Cruiser a-kori-kura mai aksil guda a gaba ba ta da gurbinsa sam. Saboda haka abu na farko shi ne ka san motarka, shekararta da samfurinta, kafin ka aika kuɗi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna.

Ka kuma sani cewa ɗaga gaba ba ya ɗaga kumburin nan na tsakiyar aksil ɗin baya. Shi ne yakan fara dukan ƙasa a hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu, kuma taya mai tsayi kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi ya ɗaga gaba, washegari ya maƙale a wurin da ya saba maƙalewa.

Idan ka je saye, ka riƙe abin a hannunka. Na ƙwarai dunƙule ɗaya ne na ƙarfe ko alminiyam mai ƙarfi, injin ya sassaƙa shi, fuskokinsa biyu sumul, hudojinsa sun yi daidai da na bol-join ba tare da an ƙara musu faɗi ba. Kaurin da aka saba shi ne milimita 25 zuwa 38, wato inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ni ba na wuce haka, ko an roƙe ni, kuma ba na ɗora biyu a wuri ɗaya. Dole ya zo da kusoshinsa masu tsawo, domin na asali ba za su kai ba. Duba kan kowace kusa: lamba 10.9 nake so in gani, in ta yi ƙasa ƙwarai 8.8. Wadda ba ta da lamba, mayar masa da abarsa. Araha ba ta ado, balle a ƙafar mota.

Wajen ɗaurawa, a tallafe motar da ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A fara girgiza bol-join ɗin kansa. In yana da wasa ko robarsa ta yage, a canja shi, domin sifesa zai ƙara masa wahala ne. A kankare tsatsa da laka daga fuskar hannun har ƙarfe ya kwanta kan ƙarfe. Wani hannun sai an ɗan goge leɓensa kafin sifesa ya zauna, to a goge kaɗan da na'urar gurza, kada a kusanto shi da wutar walda. A ɗiga maganin hana kusa kwancewa, a ɗaure da sifana mai awo bisa ƙa'idar kamfani. Ɗaurin da ake yi da bututu a taka da ƙafa yana miƙar da kusa tun kafin ta hau hanya.

Kafin a sauke motar, a bar tayar ta rataya, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. A lura da tiyon birki, in ya miƙe kamar tsarkiya to sai an sa mai tsawo. A duba shokozoba, kada ya zama shi ne ke riƙe da nauyin tayar idan ta sauka. A duba robar shaf, domin tsayin ya ƙara wa shaf karkata, robar kan yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. In motarka tana da makullin gaba na hannu a tsakiyar taya, buɗe shi idan ka hau kwalta, shaf ya huta. Daga nan sai wurin saitin taya, ko da zai kai ka Gusau, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya. A gyara saitin fitila ma, domin gaban da ya ɗaga yana haska idon mai zuwa. Bayan mako guda ka dawo a sake gwada kusoshin nan takwas.

Akwai kuma abin da ke hannun direba. Motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa, musamman in an jibga buhuna har sun haura kan direba, mutane kuma sun hau bisa. Rage gudu a kwana, sa kaya masu nauyi a ƙasa, kuma kada tsayin ya ruɗe ka ka faɗa ruwan da ba ka san zurfinsa ba.

'Yan uwana bakanikai, mu ji tsoron Allah. Mai mota ba ya shiga ƙarƙashinta, amana ya ba mu. In ya kawo kayan banza, mu gaya masa gaskiya mu ƙi ɗaurawa, ko da zai yi fushi ya tafi wani gareji. Har yau kusar nan mai lamba 4.8 tana cikin akwatin kayan aikina, duk wanda ya ce a yi masa na sauƙi, ita nake miƙa masa ya gani. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, amin.