Kafin Ka Miƙa Kundin Digiri

Ɗalibi, in mai shagon kwamfuta a bakin jami'a ya ce yana da kundi a shirye, suna kawai za a canza, riƙe kuɗinka. Jami'o'i da dama suna saka kundi a manhajar Turnitin, duk jimlar da ka kwaso a intanet ta shafa mata launi, ta nuna tushenta. Ko ka tsallake wannan, ranar kare kundi malami zai buɗe shafi ɗaya ya ce, "Malam, yi mana bayani." Nan ido ke raina fata.

Maimakon haka, duk abin da ka karanta, rubuta sunan marubucin, shekara da shafi nan take. Rufe littafin, ka rubuta fahimtarka da kalmominka, sannan ka ambaci mai shi.