Haƙƙin Jiki a Kan Mai Shi: Darasi Game da Horon Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu cikin jama'a, musamman mata da ma'aikatan ofis, watau mutum ya ƙaurace wa tuwo da shinkafa da mai domin rage ƙiba, yana ta shan shayin da aka ce yana narkar da kitse. Bayan mako uku ko huɗu sai yunwa ta ci ƙarfinsa, ya auka wa akushi har ya kasa tashi, gari ya waye yana zargin kansa, ya sake ɗaura niyya. Wasu haka suke shekara da shekaru. Har akwai mai fakewa da azumin Litinin da Alhamis alhali hankalinsa yana kan sikeli, ba kan lada ba, wannan kuwa ya taɓa niyya, wadda ita ce tushen ibada.

Abin da ke karya irin wannan mutum ba raunin zuciya ba ne kawai. A shekarar 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda da kansu. Aka rage musu kusan rabin abincinsu har wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, suna jin sanyi kullum, ga saurin fushi, ba su da hira sai ta abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sakar musu hannu, wasu suka riƙa ci ba ƙoshi. Jikin da aka hana shi yakan tsuke abin da yake ƙonawa, kuma ya tsananta kwaɗayi har sai ya rama.

Shari'a ta riga ta ja wa mutum kunne. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya ɗauki azumi kullum ba hutu. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa, ya nuna masa kwana uku a wata. Abdullahi ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, a yi yau a sha gobe. Da tsufa ya zo masa, sai ya riƙa cewa da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Haka nan Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i, aka kawo abinci, mai gida ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi sa hannu sai sun ci tare, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. To, in an taka wa mai neman lada burki haka, ina ga mai neman siririn ƙugu?

Ba a ce a saki ciki ba. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta haɗa umurnin ci da sha da hanin ɓarna a wuri guda, hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba kuma ya kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Abin lura shi ne ma'aunin nan yana cikin cikin mutum, shi zai ji ya tsaya, ba a lissafa masa abincin da zai ɗauka abokin gaba ba. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba, in yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Likitocin abinci biyu na Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, sun kira mutane ga abin da ya yi kusa da haka a 1995: a ci in an ji yunwa, a cire hannu in an ƙoshi.

Mai ciwon suga ko hawan jini da likita ya ƙayyade wa abinci, nasa hukunci daban ne, domin neman magani yake yi. Wanda kuwa ya kai ga tsoron abinci, ko yin amai da gangan bayan ci, asibiti ya kamata iyalinsa su kai shi, ba faɗa ba.